Ƙafar Babanmu da Ruwan Mai Bishara

Kwanan baya na kai jikata ɗakin shan magani a cikin Daura, ƙusa ce ta soke ta a tafin ƙafa. Ina zaune a kan benci sai na ga ma'aikaciyar ta barbaɗa wani gari a cikin roba, ruwan ya juye ya koma kamar zoɓon da aka tsinka. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ta ce, "Iya, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, yi aikinki." Na koma na zauna. Rabona da ruwan nan tun ina yarinya, kuma a gidanmu ba ruwan arziki aka fara ɗaukarsa ba.

Yawancinku ba ku san kurkunu ba sai a baki, to ku saurara. Ƙauyenmu yana wajen garin Babban Mutum, ƙasar rairayi da gero. Rijiyarmu mai zurfi ce, saboda haka da damina ta sauka ba mai wahalar da kansa da guga, kowa kududdufi yake nufa da tulunsa. A nan ake shan abin. Ba ka ganinsa, ba ka jin ɗanɗanonsa. Zai kwanta a jikinka shiru har wata daminar ta zagayo. Sai an yi shuka, gero ya fara tsayawa, ciyawa ta taso masa, daidai lokacin da ake bukatar ƙafar kowane namiji a gona, sannan zai nuna kansa. Bororo yake fara yi, mai zafi kamar an ɗora maka garwashi. In ya fashe sai ka ga kan wani farin zare ya leƙo.

Ba shi da magani sai haƙuri. Ana kama kan zaren a naɗe shi a tsinke, kullum a murza kaɗan, iya abin da ya yarda ya bayar. In ya ƙi, a bar shi sai gobe. Wanda ya ja da ƙarfi zai tsinka shi, ragowar ya koma ciki ya mutu a can, ƙafa ta ruɓe da shi. Na ga waɗanda ya gurgunta. Na ga waɗanda aka ɗauka a makara.

Shekarar da nake ba ku labari, babanmu ya kama, a idon sawun dama. Shi kaɗai ne mai garma a gidan. Ƙanensa, baffanmu, fataucin awaki yake yi, yau yana wannan kasuwa gobe ya tsallaka iyaka, hannunsa bai saba da ƙota ba. Innarmu tana da goyo. Mai riƙe da gidan kuwa kakarmu ce, uwar babanmu, mace mai kaifin ido wadda ba ta dariya sai da dalili. Aka shimfiɗa wa babanmu tabarma a zaure don ya sha iska, ya kwanta yana kallon hanyar gona.

A bakin gari ta yamma akwai 'yan gidajen Kirista. Hausawa ne irinmu, asalinsu Maguzawa, neman ƙasar noma ya kawo su. An turo musu mai bishara, wato mai yi musu wa'azi, yana jan su addu'a ran Lahadi a wata bukka mai rufin kara. Dogo ne siriri, yana da in'ina, in suna waƙa muryarsa ce ta fi ta kowa muni. Hannunsa kullum warin magani yake, don an ce ya yi aikin wanke gyambo a asibitin mishan kafin a ba shi littafi. Ba a haɗa kwano da shi. In ya yi sallama a amsa, iyakarta ke nan.

Ba wanda ya aika masa. Wata safiya sai ga shi a ƙofar zaure, da tasa da tsummoki da ɗan ƙulli a hannu. Ya ce ya ji abin ya fito, in an yarda yana so ya duba. Babanmu, da yake zafi ya hana shi barci, ya ce ya duba. Kaka tana bayan zana tana ji. Ta fizgo ni ta ce a kunnena, "Ke, je ki riƙe masa tasar. Idonki a hannunsa, kunnenki a bakinsa. Ruwa ba ya tsami banza."

Haka na zama mai tsaronsa. Kullum da safe yana zuwa kafin rana ta yi zafi. Ya sa a tafasa ruwa, ya jira ya huce, ya kwance ƙullinsa ya barbaɗa garin, ruwan ya juye. Sai ya durƙusa a ƙasa, ba tabarma ba buzu, ya ɗauki ƙafar babanmu ya ɗora a kan cinyarsa. Ƙafar manomi ce, duk faso, ga ruwa yana tsatstsafowa daga gyambon, ga ƙudaje. Ban taɓa ganin ya kau da fuska ba. Yakan jiƙa wurin ya daɗe, sannan ya kama tsinken da yatsu biyu ya murza a hankali, kamar mai tsoron tayar da jinjiri. Wata rana zaren ya ba da tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko ƙwayar gero bai bayar ba. Sai ya ɗaure, ya kwashe ƙazantar da kansa ya kai bayan gari ya binne.

Bakinsa kuwa yana motsi. Na matsa har ina jin numfashinsa, don in kai wa kaka labari. Magana ɗaya ce yake ta maimaitawa, in'inar tana sarƙe shi: "Ya Ubangiji, kada ya tsinke." Na faɗa mata. Ta ce, "Wanda ya bari kika ji ke nan."

Ta aika masa da kaza. Ya dawo da ita a hammata, ya ce a yi wa mara lafiya romo. Ta aika da ƙwaryar gero, ita ma ta dawo. Kada ku ɗauka wannan ya kwantar mata da hankali. Na ji tana ce wa innarmu, "Da ya karɓi kazar nan da na samu natsuwa. Wanda ya ƙi ƙarami, babba yake hange."

Ana cikin haka baffa ya dawo daga fatauci. Ya tsaya a bakin zaure ya kalli mutumin a durƙushe, ya kalli ruwan, ya jira sai da mai bishara ya tafi. Sannan ya shiga wurin kaka. Baffa ya yawata kasuwanni, ya ji maganganu, a gidanmu shi ne wanda ya san duniya.

Ya ce, "Inna, kin san yadda suke shigar da mutum addininsu? Da ruwa ne. Su wanke shi, su karanta abin da suke karantawa, shi ke nan ya zama nasu. Wannan ya san ba za ku bari ya wanke Yaya gaba ɗaya ba, shi ya sa ya faro daga ƙasa."

Kaka ta ce, "Ai ƙafa ce kawai."

Ya ce, "Yau ƙafa ce."

Da abin ya tsaya a nan, wataƙila da maganar ta bi iska. Amma kurkunu ba ya zuwa shi kaɗai. Ba a jima ba wani bororon ya taso a ƙwauri, sai ruwan mai bishara ya hau ƙwauri. Bayan wannan wani ya fito a ƙasan gwiwa, ruwan ya bi shi. Baffa ba ya ma magana, sai dai ya kalli kaka ya nuna wurin a jikin tasa ƙafar, kullum yatsan yana ƙara yin sama. Hadari ya riƙa haɗuwa baƙi ƙirin daga gabas, ruwa ya yi ta zuba, ciyawa ta shanye geronmu har ba ka bambance kunya da kwari. Rabin mazan gari suna kwance da irin ciwon, ba wanda za a kira gayya. Mata a bakin kududdufi sukan yi shiru in na iso da tulu. Sannan wata safiya aka ji babanmu ya ƙyalƙyale da dariya a zaure, shi da mutumin, ban ma san a kan me ba. Na ga kaka ta ajiye maburgin da ke hannunta.

Washegari baffa ya tare ƙofa. Ya ce, "Ya isa haka, mun gode. Za mu ƙarasa da kanmu."

Mai bishara ya tsaya da tasarsa. Bai yi musu ba, bai tambayi laifinsa ba. Ya ce, "To. Amma don Allah kada a ja. In ya ƙi, a bar shi."

Baffa ya ce, "Da kurkunu muka tashi a garin nan, ba kai ka kawo mana shi ba."

Aka ɗauke babanmu daga zaure aka mai da shi cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga.

Sai dai mutumin bai daina zuwa ba. Akwai wata kuka nesa kaɗan da ƙofarmu. Kowace safiya sai ka hango shi a gindinta, zaune a kan saiwa, tasar tana gabansa. Ba ya sallama, ba ya kiran kowa. In rana ta ɗaga sai ya tashi ya tafi gonarsa. Yara suka ce ungulu ce take jiran mushe. Ni ma in na leƙa na gan shi sai in koma ciki da sauri, don ban san abin da ke zaunar da mutum haka a ƙofar da aka kore shi ba.

Ba zan zalunci baffa ba, ba mugu ba ne, son ɗan'uwansa ne ya kai shi. Da farko ya bi abin a hankali. Amma mai fatauci bai iya jira ba, ga babanmu kansa yana nishi yana cewa gona za ta tafi, a ja mana a huta. Ran da abin ya faru ni ke riƙe da diddigen. Zaren idon sawu ya fito da tsawo, ya cika tsinken, kowa yana ganin saura kaɗan. Ya tsaya. Baffa ya murza, ya ƙi. Ya ciji leɓe ya ƙara. Na ɗauka in ya tsinke zai yi ƙara. Ba ya yi. Kawai na ga zaren ya saki, guntun da ya rage ya shige cikin naman kamar ɓera ya ga rami. Baffa ya zauna riƙe da tsinken yana kallonsa.

Kafin a kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi, fatar tana ƙyalli. Aka kira wanzami ya yi sakiya, wato ya gasa ƙarfe ya huda kumburin don mugunya ta fita. Ihun babanmu har bakin gari. Ta fita kaɗan, ta sake taruwa. Zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa kiran sunayen matattu, ya kalli innarmu ya tambaye ta ko 'yar wane gida ce. Wari ya cika ɗakin har ba a iya cin abinci a tsakar gida. Liman ya zo ya yi addu'a, da zai fita na ga yadda ya kalli kaka. Maƙwabta suka fara shigowa suna zama shiru, irin zaman da ba a yi wa mai sauƙi. Kaka kuwa kullum sai ta ɗora yatsa a inda kumburin ya tsaya. Ran da ta ga ya wuce gwiwa ya kama cinya, ta miƙe ta yafa zane, ta fita. Na bi ta.

Yana nan a gindin kukar. Da ya hango ta ya sauko daga kan saiwar ya durƙusa.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ya tsinke."

Ya ce, "Na sani, Inna. Ina jin warin daga nan."

Ta ce, "Tashi ka shiga ka wanke shi. In ma har ka za ka kai, ka kai. Gara in gan shi yana takawa zuwa bukkarku da in ga an fita da shi a makara. Allah ya yafe mini."

Ba ta yi kuka ba. Ku gane abin da ta yi. A saninta, ɗanta ta miƙa, duniya da lahira, don ya rayu. Kuma ba abin da zai hana mutumin karɓa. Ya daɗe a garin bai samu ko mutum ɗaya daga cikinmu ba, ga magidanci guda an kawo masa har hannu.

In'inar ta riƙe shi har na ɗauka ba zai iya magana ba. Can ya ce, "Inna, ashe abin da kuke tsoro ke nan? Maganin gyambo ne. Ko jaki aka wanke da shi, jaki zai tashi." Ya ɗauki tasarsa. "Ba zan ɓoye miki ba, ina so ɗanki ya san abin da na sani. Amma ba na sayen mutum da ƙafarsa. Mu je, rana tana yi."

Abin da ya yi a ɗakin nan ba na iya faɗa muku duka, don wasunku suna cin abinci. Ya buɗe inda aka yi sakiyar, ya matse, ya wanke, ya sake matsewa, da safe da yamma. Mugunya ta ɓata masa riga, ya wanke ta ya mai da ita jiƙe. Babanmu ya kai ba ya iya riƙe bayan gida, mata ba sa iya ɗaga shi, baffa kuwa ya kasa haɗa ido da kowa, yana can rakuɓe a bayan rumbu. Mai bishara ne ke ɗaga shi, ya share shi, ya sauya masa shimfiɗa, ya fita da ƙazantar. Har kan ma ya kai, don yakan jiƙa tsumma ya ɗora masa a goshi saboda zazzaɓin. Ran farko da ya yi haka kaka ta runtse ido. A soron ƙofa yake cin abincin da matarsa ta aiko masa, a kwanonsa, ba tare da an ce masa ya yi hakan ba.

Ran da hankalin babanmu ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi azahar. Kowa ya kalli mai bishara. Sai ya miƙe ya ɗauki buta, ya zagaya bayan rumbu ya miƙa wa baffa. Ya ce, "Wannan ruwan naku ne. Zo ka zuba wa yayanka." Ya fita ya zauna a zaure har aka idar. Daga baya da masu zuwa dubiya suka riƙa tambayarsa a hannun wa abin ya tsinke, amsarsa ɗaya ce, kurkunu ne, yakan tsinke a hannun kowa. Har baffa ya mutu bai taɓa jin sunansa a bakin mutumin ba.

Babanmu ya rayu, amma gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Geron shekarar bai kai mu ko'ina ba, mun ci ganyen tafasa da zogale har muka gaji, dangi suka tallafa. Bai sake riƙe garma yadda ya kamata ba, ya koma tufkar igiya da saƙar zana a zaure. In zai yi salla sai ya miƙe ƙafar gefe guda ya yi sujada a karkace. A kan haka ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa, Musulmi kamar yadda aka haife shi. Sukan zauna da mai bishara su yi ta gardamar addini, kowa yana ƙoƙarin jawo ɗan'uwansa, su rabu ba wanda ya motsa.

Bayan wasu shekaru aka ɗauke shi daga garinmu. Mun ji an ce manyansa sun ga wurin ba ya ba da amfani, tun da bai ƙara musu kowa ba. Kayansa duka jaki ɗaya ya ɗauka. Babanmu ya ɗauki sanda ya ce zai yi rakiya. Yana jan ƙafar a cikin rairayi, zufa tana zuba, mutumin yana ta cewa, "Koma haka nan, ya isa." Babanmu ya ce, "Ƙafar ai taka ce, bar ta ta raka ka." Sai da suka wuce gonakin ƙarshe sannan ya tsaya.

Yanzu ga shi an kawo Shari'a, ni kuwa ba ni da ja da abin da Allah ya ce. Kurkunu ma yana ƙarewa, an haƙa burtsatse, an raba ƙyallen tace ruwa. Amma baki ya yi yawa a ƙasar nan. Ina zaune a gidan ɗana a Daura, lasifika ta ko'ina, kowa yana faɗin girman addininsa. Na ga wani fasto ya fito daga mota, wani na riƙe masa littafi, wani na riƙe masa lema, takalminsa ko ƙura babu. Ban san littafinsu ba, ba zan yi masa hukunci ba. Na dai san wanda na gani da idona, kuma in aka ce mini wane bawan Allah ne a cikinsu, ba muryarsa nake saurare ba, so nake in ji ƙazantar wa ya taɓa kwashewa, kuma me ya nema bayan ya kwashe. Namu ma da wannan mudun nake auna su.

Gidajen nan na bakin gari ta yamma sun watse ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kore su da rana tsaka, fuskoki suka karanta suka ɗaure kayansu. Bukkar ta rushe, an shuka wake a wurin. Ran nan jikana, wanda gemunsa bai gama fitowa ba, ya dawo daga wurin wa'azi yana cewa mutanen nan ba wani alheri a tare da su. Na ce ya rufe mini baki, ya rufe, amma na ga idonsa, ladabi ne kawai ya yi mini, bai yarda ba. Kaka ta tafi, baffa ya tafi, innarmu ta tafi. Cikin waɗanda suka shiga ɗakin nan suka shaƙi warin, ni kaɗai na rage. Muddin ina numfashi ba za a faɗi wannan magana a gidan nan a wuce lafiya ba. Bayan raina ne ban sani ba.